Sau Nawa Iskar Ɗakinka Take Sauyawa A Cikin Awa Ɗaya?

Darasinmu na yau lissafi ne, amma lissafin da ya shafi lafiyar iyali. Kowa ya ɗauko allonsa da alli, ko littafinsa da alƙalami, domin akwai lambobin da za mu rubuta.

Kai mai karatu, ka san tiya nawa ta hatsi gidanka yake ci a rana. Uwargida ta san bido nawa na ruwa yake isarta daga safe zuwa dare. To, iska fa? Wa ya taɓa auna ta? Babban mutum yana zaune, ba aikin ƙarfi yake yi ba, yana shaƙar kimanin litir 7 na iska a minti ɗaya. A yini da kwana ya haura litir 10,000 ke nan. Tano 50 na litir 200, kowace rana ta Allah, ga mutum guda. Da saye ake yi, da tuni kowa ya iya lissafinta.

Ga dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Daga 1 ga watan Nuwamba na 2022 zuwa 27 ga Janairu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi yawa da mutum 342, sai Matamaye ta bi mata da 98. Kusan dukkansu ba su kai shekara 20 ba. Ba a gama hutawa ba, a watan Yuli na 2023 aka tabbatar da ɓullar mashaƙo a gundumar lafiya ta Matamaye. Mutanen Kance da ƙauyukan kewaye ba sai an ba su labari ba.

Waɗannan cututtuka, da ƙyanda, da tarin fuka, da korona wadda ta zo a 2020, duk ta baki da hanci suke fita daga jikin wani su shiga jikin wani. Mu faɗi gaskiya tun da wuri: maganin sanƙarau da mashaƙo da ƙyanda shi ne allurar rigakafi, da kai maras lafiya asibiti ba tare da jinkiri ba. Buɗe taga ba ya maye gurbin allura. Sanƙarau da mashaƙo sun fi bin kusanci, mutum dab da mutum. Amma cunkoso a ɗaki rufe yana taimakon dukkansu, tarin fuka da ƙyanda kuwa a cikin iskar ɗakin kanta suke yawo. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai cutar ya fita. Wannan gefen na rigakafi a hannunka yake, ba ya kuma buƙatar dala ko ɗaya.

Mu fara auna ɗakin

Abin farko, mu san yawan iskar da take cikin ɗaki. Ka ɗauka a ranka ga akwati, tsawonsa metir 1, faɗinsa metir 1, tsayinsa metir 1. Wannan akwati yana cin litir 1,000, wato tano 5, ko bido 40 na litir 25. Shi ne ma'aunin da ake lissafin ruwan famfo da shi a takardar biyan kuɗi. A darasin nan za mu riƙa ce masa akwati kawai.

In ba ka da abin awo na magina ko na tela, yi da kamu. Kamu 2 na babban mutum sun yi kusan metir 1. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma kima muke nema a nan.

Auna tsawon ɗakin, auna faɗinsa, auna tsayinsa daga daɓe zuwa rufi. Sai ka ninka su ukun. Misali ɗakin kwana mai tsawon metir 4, faɗi metir 3, tsayi metir 2 da rabi:

4 × 3 = 12
12 × 2.5 = 30

Akwati 30 ke nan na iska a ɗakin. Gado da buhunan hatsi da jeren kwanonin uwargida suna rage wani abu, amma kada wannan ya dame ka.

Mai zagayayyen ɗaki na shibci zai ce, ni nawa ba shi da tsawo da faɗi. To, auna daga bango zuwa bango ta tsakiya. A ce metir 4 ka samu. Ninka shi da kansa, 16. Ɗauki kashi 8 cikin 10 na wannan, ka samu kusan 13. Wannan shi ne filin daɓen. Ninka shi da tsayin bango, a ce metir 2, ka samu 26. Cikin jinka yana ƙara kamar akwati 6. Duka 32, kusan daidai da wancan ɗakin.

Mene ne sauyin iska?

Idan sabuwar iska daga waje ta shiga ɗakin akwati 30 har ta kai akwati 30, muna cewa iskar ɗakin ta sauya sau ɗaya. Idan a cikin awa ɗaya akwati 90 suka shiga, ta sauya sau 3. Ga dokar, a rubuta ta:

Iskar da ta shiga a awa ɗaya ÷ girman ɗakin = sauyin iska a awa.

Amma a kula da wani abu wanda mutane da yawa suke kuskure a kansa. Sauyi ɗaya ba ya nufin tsohuwar iska ta fita duka. Ka tuna da randar da aka zuba wa baba. Kana tsiyaya ruwa mai kyau a ciki, tana malalowa ta baki. Ka zuba cikin randa guda cur, ruwan bai yi fari ba, ya dai yi haske, domin sabon da tsohon suna gauraya kafin su zube. Haka iska take. Bayan sauyi 1, kashi 37 cikin 100 na tsohuwar iska yana nan. Bayan sauyi 2, saura kashi 14. Bayan sauyi 3, saura kashi 5. Sai an kusa sauyi 5 kafin ya koma kashi 1.

Ka ga amfanin wannan lamba ke nan. Mai tari ya zauna a ɗaki ya tashi. In iskar ɗakin tana sauyawa sau 12 a awa, minti 23 sun isa a kawar da kashi 99 cikin 100 na abin da ya bari. In sau 6 ne, sai minti 46. In sau 2 ne, sai awa 2 da minti 18. Ɗaki guda, tari guda, amma dubi bambancin.

Nawa ne ya isa?

A shekarar 2021 OMS ta ba da shawara cewa a gidaje da makarantu da wuraren aiki, kowane mutum ya samu aƙalla litir 10 na sabuwar iska a kowane sakan. Awa ɗaya sakan 3,600 ce. Litir 36,000 ke nan, wato akwati 36 ga mutum guda a awa guda. Riƙe wannan lamba, 36.

Wani zai ce, ashe ba yanzu aka gaya mana mutum litir 7 yake shaƙa a minti ba? Me ya kawo wannan yawa haka? Dalili shi ne, ba iskar shaƙa kaɗai ake nema ba. Ana neman wadda za ta tsarma abin da kowa ya fitar. Cokali ɗaya na baba, ai ba cokali ɗaya na ruwa ne zai wanke shi ba.

Mu koma ɗakinmu na akwati 30. Uwa da ƴaƴanta 5 suke kwana a ciki, mutum 6.

6 × 36 = 216
216 ÷ 30 = 7 da ɗan kai

Wannan ɗaki yana buƙatar iskarsa ta sauya sau 7 a awa. Da mutum 2 ne a ciki, akwati 72 sun ishe su, sau 2 da rabi bai ma cika ba. Saboda haka tambayar "sau nawa ya isa?" ba ta da amsa guda. Sai an ƙidaya kawuna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a watan Mayu na 2023 a nemi aƙalla sau 5 a wuraren da jama'a suke zama. Shawara ce mai kyau, amma a ɗakin da aka cika maƙil, sau 5 bai kai ba. Babban masallaci mai dogon rufi da mutum goma a ciki yana iya wadatuwa da sauyi ɗaya. Shagon kwanan samari da mutum goma, sau 5 ma cuta ce.

Nawa ne yake shiga?

Mun san abin da ake buƙata. Saura mu san abin da ake samu. A nan abu uku za mu duba: girman kafar da iska take bi, ƙarfin iskar waje, da kuma ko iskar tana da mafita.

Na ukun ya fi sauran nauyi. Hura iska cikin kwalba ka gani. Ba ta shiga, domin ta cikin ba ta da inda za ta. Fasa gindin kwalbar, sai iska ta wuce fuu. Ɗaki mai kafa a bango ɗaya kwalba ne. Ɗaki mai kafa a bango biyu masu kallon juna, shi ne kwalbar da aka fasa wa gindi.

Masana sun auna wannan, OMS ta sa shi a littattafanta. Mun sauƙaƙa muku shi zuwa lambobi biyu. In iska tana ratsa ɗaki, ta shiga nan ta fita can, lambar ita ce 2,340. In kafar a bango ɗaya take, lambar ita ce 180. Ta farko ta ninka ta biyu sau 13. Ga yadda ake aiki da su:

Filin kafa × gudun iska × lambar = akwatin da suke shiga a awa.

Filin kafa shi ne tsawon taga a ninka da faɗinta, da metir. Taga mai santimetir 40 kowane gefe, 0.4 × 0.4, ta ba da 0.16. In kafofin biyu ba girmansu ɗaya ba, da ƙaramar ake lissafi. Ko ƙofar ta kai ta zauren sarki, in tagar da take kallonta tafin hannu ce, iskar tafin hannu za a samu. In kuma an sa wa taga ragar waya saboda sauro, a raba amsar biyu.

Gudun iska fa? Ba sai da na'ura ba. Fita tsakar gida ka duba. In hayaƙin murhu yana miƙewa sama sak, iska ta kwanta, ba ta kai rabin metir a sakan ba. In hayaƙin yana karkata amma ganye bai motsa ba, metir 1 ke nan. In kana jin ta a fuska, ganyen bedi yana kaɗawa, metir 2 zuwa 3. In ta fara ɗaga ƙura da ledoji, ta kai 6 ko fiye. Mu dai mu riƙa lissafi da 1, domin da dare iska takan lafa, kuma katangar gida tana rage mata ƙarfi. Gara a yi lissafi da daren da ba ta da yawa.

To, ga ɗakin uwa da ƴaƴanta. An rufe ƙofa, taga ɗaya ce, mai santimetir 40, a buɗe.

0.16 × 1 × 180 = 29

Akwati 29 a awa. Sauyi ɗaya ke nan da ƙyar, inda ake neman 7. Rabon mutum guda ma bai cika ba, ga mutum 6 suna rabawa. In kuma an cusa tsumma a tagar, kamar yadda muka saba yi da sanyi, sai abin da ya sulalo ta ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki da asuba daga waje ya san abin da hancinsa ya gaya masa.

Yanzu maigida ya kira magini, aka huda wata taga irin wannan a bangon da yake kallonta.

0.16 × 1 × 2,340 = 374
374 ÷ 30 = 12 da ɗan kai

Daga 1 an koma 12, da aikin rabin yini. Amma sauro yana nan, dole a sa raga. An raba biyu, 187, sau 6 ke nan. Ya ɗan gaza 216 da ake nema. Da magini ya yi tagogin kamu ɗaya kowane gefe, wato santimetir 50, ga abin da za a samu:

0.5 × 0.5 = 0.25
0.25 × 2,340 = 585
585 ÷ 2 = 292

Ya wuce 216, sauyi kusan 10 a awa, kuma da raga. Bambancin santimetir 10 ne kawai. Mai shirin gini ya yi wannan lissafi kafin a ɗora tubali, ya fi sauƙi bisa ga fasa bango daga baya.

A daren da iska ta kwanta sarai, akwai abin da yake taimako. Iska mai ɗumi sama take tashi. In akwai kafa ƙasa da wata kusa da rufi, numfashin masu barci da ɗumin jikinsu suna fita ta sama, sabuwa tana shigowa ta ƙasa. Ɗakin shibci na kakanninmu haka yake numfashi ta jinkarsa, ba wanda ya yi masa lissafi. Da muka koma bulo da siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, mun samu ƙarko, mun huta da gobara da gara, amma mun toshe wannan hanya. Ba cewa muke a koma shibci ba. A dai bar wa iska kafa a sama, a rufe ta da raga, domin ta nan ne sauron zazzaɓi ya fi son shiga. A kuma kwana cikin sange.

Gwaji da turaren wuta

Wanda lissafin taga ya yi masa nauyi, ga wata dabara. A fitar da yara. A rufe ɗakin, uwargida ta sa turaren wuta har hayaƙi ya cika. Sai a fitar da kaskon, a buɗe ƙofa da taga daidai yadda ake barinsu in za a kwanta, ba fiye ba. A duba agogo. A riƙa haska fitila a cikin ɗakin ana kallon hayaƙin. Da ido za a duba, kada a bi hanci, domin ƙamshi yana kama tufafi, hanci kuma yana sabawa.

Mun ce bayan sauyi 3 saura kashi 5, wato kusan ba a ganin kome. Saboda haka a raba 180 da mintin da aka ƙidaya. In hayaƙin ya ɓace a minti 15, sau 12 ke nan a awa. In minti 30 ne, sau 6. In an yi awa guda ana ganinsa, sau 3 ko ƙasa. Awon kima ne, amma yana nuna wani abin da lissafi ba ya nunawa: lungun da hayaƙi ya maƙale ya ƙi fita. Kada a shimfiɗa wa jariri ko maras lafiya a wannan lungu.

Masana suna da na'urarsu. Tana auna gas ɗin da muke fitarwa in mun yi numfashi, wanda ake rubutawa CO2. A iskar waje ya ɗan haura kashi 420 cikin miliyan. Tun a 1858 wani likita Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ce in ya wuce kashi 1,000 cikin miliyan a ɗaki, iskar ta gurɓata. Har yau ana aiki da wannan iyaka tasa.

Ajin makaranta

Malaman makaranta da iyayen yara, wannan naku ne. Mu ɗauki aji mai tsawon metir 9, faɗi 7, tsayi 3. Akwati 189. A ce mutum 60 ne a ciki har da malami.

60 × 36 = 2,160
2,160 ÷ 189 = 11 da ɗan kai

Ajin yana da taga 2 a gefe guda, kowace metir 1 da metir 1. A ɗaya gefen akwai taga 2 da ƙofa. In an buɗe duka, ƙaramin gefen metir 2 ne. 2 × 2,340, akwati 4,680, kusan sau 25 a awa. Ya wadatar har da rara.

Sai hunturu ya zo. Iska tana busowa daga arewa maso gabas da ƙura, takardu suna tashi, yara suna rawar ɗari. Malami ya ce a rufe tagogin wancan gefe. Ba laifinsa ba ne, kowa haka zai yi. Saura taga 2 da ƙofa mai metir 1 da metir 2, duk a bango ɗaya, fili metir 4. Amma yanzu lambar ta koma 180.

4 × 180 = 720
720 ÷ 36 = 20

Iskar mutum 20 ke nan ake raba wa 60, kuma a lokacin da mura da tari da ƙyanda da sanƙarau suka fi yawo. Mafita tana cikin lissafin. Ranar hunturu iska tana da ƙarfi, a ce metir 2 a sakan, sau da yawa ma ta fi. Kada a rufe tagogin ruf. A bar rubu'in kowace a buɗe, fili rabin metir ke nan duka.

0.5 × 2 × 2,340 = 2,340

Ya wuce 2,160. Ƙura ta ragu, sanyi ya ragu, iska kuma tana ratsawa. Lokacin shan iska a fitar da yara duka, a wangale kome. Minti 10 a haka sun isa a sabunta ajin.

Abin da aka gani a asibitocin Lima

Kada wani ya zaci wannan dabarar talaka ce, masu kuɗi suna da abin da ya fi ta. A shekarar 2007 wani likita, Roderick Escombe, da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi a asibitoci 8 na birnin Lima, a ƙasar Peru, inda tarin fuka ya yi yawa. Da aka buɗe ƙofofi da tagogi, matsakaicin abin da suka samu sau 28 ne a awa. Ɗakunan da aka sa wa injin zuƙe iska mai tsada, sau 12 ake nema daga gare su. Abin da ya fi ba da mamaki, tsofaffin gine-gine da suka haura shekara 50, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun ba da sau 40. Sababbin sun ba da 17.

A asibiti ma'aunin ya fi na gida. OMS ta ce tun 2009, a ɗakin kwanciyar marasa lafiya a nemi litir 60 a sakan ga kowane mutum, a ɗakin masu cutar da take bin iska kuma litir 160. In kana jinyar mai tarin fuka a gida, ba shi ɗakin da iska ta fi ratsawa, a sa shimfiɗarsa kusa da tagar da iska take fita, don kada ta bi ta kansa ta zo kan sauran. Da rana ya zauna a inuwar tsakar gida. Masu gaisuwa su same shi a can. Ya kuma sha maganinsa har ƙarshen watannin da likita ya yanka.

Panka fa? Pankar sama tana juya iskar da take ciki ne, ba ta kawo sabuwa. Tana sanyaya jiki, amma a ɗaki rufe lissafinta sifili ne. In ka sa panka mai tsayuwa a bakin taga tana hura waje, ga wata kafa a buɗe, to wannan tana aiki.

Kaskon gawayi

Akwai wanda ba ya jiran mako ko wata, a dare ɗaya yake kisa. Gawayi in yana ci yana fitar da wani gas wanda ba shi da launi, ba shi da wari. Yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Alamunsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ba ya jin ko ɗaya, daga barcin yake wucewa. Akan wayi gari a tarar da mutanen ɗaki guda sun suma tare, a ce iska ce ta taɓa su. Lalle iska ce, amma ta kasko.

A nan kada a yi wani lissafi. Ba a kwana da garwashi a ɗaki, ko an bar taga. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon, sannan a kwanta. Injin wuta, wato janareta, shi ma irin wannan gas yake fitarwa. Wurinsa waje ne, nesa da taga, ba zaure ba, ba cikin shago ba. In an tarar da mutum a wannan hali, a fitar da shi sarari nan take, a wangale ɗakin, a kai shi asibiti ko ya farfaɗo.

Madafa ma a duba ta. Uwargida tana girki da itace, goyo a bayanta, hayaƙin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa. Madafa tana son kafa a sama daidai kan murhu da wata a ƙasa. In ba damina ba, girki a rumfa ya fi.

Aikin gida

Ga wani zaure da almajirai 10 suke kwana a ciki. Tsawonsa metir 5, faɗinsa 4, tsayinsa 3. Da dare ana rufe ƙofofinsa. Yana da taga 2 masu kallon juna, kowace santimetir 60 da santimetir 50, duka da raga. Iska tana gudun metir 1 a sakan. Akwati nawa ne girman zauren? Akwati nawa almajiran suke buƙata a awa? Nawa suke samu? Ya isa, ko bai isa ba? In an ƙaro almajirai 5, sau nawa ya kamata iskar ta sauya?

In kun gama wannan, kowa ya auna ɗakin da ya fi yawan masu kwana a gidansa, ya ƙidaya su har da jarirai, ya rubuta lambobin a allo. A kawo wa malamin aji ranar karatu mai zuwa, a duba tare.